Shin Zamanin "Kafirin Amana" Ya Wuce?

Malam Haruna: Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Akwai maganar da na daɗe ina juyawa a raina, kuma yau na ga ya dace in ajiye ta a gabanku domin a yi mata fiɗa. Ina da ra'ayin cewa tsarin zimma, wanda a ƙarƙashinsa Kirista ko Bayahude yake zama a ƙasar Musulmi a matsayin ɗan amana, yana biyan jiziya ana ba shi kariya, ya riga ya gama aikinsa, kuma abin da ya gaje shi a shari'ance shi ne zama ɗan ƙasa, inda Musulmi da Kirista suke da haƙƙi ɗaya da nauyi ɗaya a gaban doka. Ba ni na ƙago wannan ba. A watan Janairun 2016 malamai daga ƙasashe masu yawa sun taru a birnin Marakish na Maroko, Shaihu Abdullahi bin Bayya yana cikin jagororinsu, suka fitar da sanarwa kan haƙƙin marasa rinjaye a ƙasashen Musulmi, suka kafa hujja da Sahifar Madina, yarjejeniyar da Annabi (SAW) ya ƙulla da mazauna Madina, wadda a cikinta aka rubuta cewa Yahudun Banu Auf al'umma ce tare da muminai, Yahudu suna da addininsu, Musulmi suna da nasu. Bayan shekara uku, ranar 4 ga Fabrairun 2019, Shaihin Azhar Ahmad Ɗayyib da Fafaroma Francis suka sa hannu a Abu Dhabi kan takardar da ta yi kira ga cikakken matsayin ɗan ƙasa ga kowa. Wanda yake ganin na yi kuskure, ƙofa a buɗe take.

Malam Nasiru: Wa alaikumus salam. Malam Haruna, Allah ya saka da alheri, amma kana neman ka rufe babi guda na fiƙihu da takardar bayan taro. Jiziya tana cikin Alƙur'ani da sunanta, a aya ta 29 ta Suratut Tauba, kuma duk wanda ya karanta Risala a gaban malami ya wuce ta inda aka ce ana karɓar dinari huɗu daga masu mu'amala da zinariya, dirhami arba'in daga masu azurfa, a sassauta wa talaka, ba a karɓa daga mata da yara. Sahifar da kake dogaro da ita an rubuta ta ne a farkon zaman Madina, ita kuwa Tauba ta sauka a shekara ta 9 bayan Hijira, kuma ƙa'idar da muka sani ita ce na baya shi yake hukunci a kan na farko. Ga shi kuma cikakken nassin Sahifar ya iso mana ne ta hanyar masu sira irin su Ibnu Ishaƙ, malaman hadisi kuwa suna da magana a kan isnadinsa. Ta yaya za a ɗauki abin da ake tattaunawa kan ingancinsa a ture aya da shi? Ban kuma manta ba cewa sarakuna da gwamnatoci ne suke ɗaukar nauyin waɗannan tarurrukan, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Malama Safiya: Malam Nasiru, da izininka zan tsaya a kan kalmar zimma kanta, domin a nan nake ganin gardamar take kwance. Malaman fiƙihu suna kiran abin aƙadin zimma, wato yarjejeniya tsakanin ɓangare biyu, kowane da abin da ya ɗauka wa kansa, kuma sahabbai sun nuna mana da aikinsu yadda suka fahimce ta.

An ruwaito cewa lokacin da rundunar Rumawa ta taso gab da yaƙin Yarmuk, Abu Ubaida ya ga dole ya janye sojojinsa daga Hims, sai ya sa aka mayar wa mutanen garin kuɗin da aka karɓa daga hannunsu, aka gaya musu cewa an karɓa ne bisa sharaɗin kare su, yanzu kuwa ba za a iya ba. A duba wannan da kyau: kwamanda yana shirin haɗuwa da babbar runduna, lokacin da kowane dirhami yake da amfani a gare shi, amma ya sa a ƙirga dukiya a mayar wa Kiristoci. Da jiziya ibada ce irin zakka, da bai mayar ba. Haka mutanen Jarajima na tsaunukan kusa da Antakiya, an yi sulhu da su a kan su taimaki Musulmi da yaƙi da leƙen asiri, aka ɗauke musu jiziya. Sai Banu Taglib, Larabawa Kiristoci, waɗanda suka ƙi yarda da sunan jiziya domin suna ganinsa ƙasƙanci, Sayyidina Umar ya amince su biya ninkin zakka da sunan sadaka. To, a ƙasar da Kirista yake biyan haraji ɗaya da Musulmi, ɗansa yana aikin soja yana mutuwa a bakin daga, a kan me za a karɓi jiziyarsa? Daular Usmaniyya ta Turkiyya, wadda halifanci yake hannunta a lokacin, ta bar jiziya a wajajen 1856 ta sa kuɗin fansar aikin soja a madadinta, sannan a 1909 ta fara ɗaukar waɗanda ba Musulmi ba aikin soja.

Malam Nasiru: Malama, labarin Banu Taglib yana da ƙarashe, domin an ruwaito Umar yana cewa ita dai jiziya ce, su kira ta da sunan da suka ga dama. Ma'anar ta zauna, suna kawai aka sauya. Dokar 1856 kuwa kowa ya san ta fito ne a ƙarshen yaƙin Kirimiya, lokacin da jakadun Ingila da Faransa suke tsaye a kan sarkin Istanbul. Abin da aka yi da wuƙa a wuya ba ya zama hujjar shari'a.

Malam Yakubu: Ina gaishe ku duka. Ni Kirista ne, kuma tun da a kaina ake wannan shawara, ku ba ni dama in ce wani abu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Zan fara da abin da zai yi wa Malam Nasiru daɗi. A zamaninsa, tsarin zimma ya fi abin da Kiristocin Turai suka yi wa wasu adalci nesa ba kusa ba. Majami'u sun rayu a Masar da Sham da Iraƙi fiye da shekara 1,000 a ƙarƙashin sarakunan Musulmi, alhali bayan faɗuwar Garnaɗa a 1492 an tilasta wa Musulmin Andalus shiga Kiristanci, daga 1609 kuma aka kori jikokinsu daga Sifaniya gaba ɗaya. Ban da bakin musun wannan. Mu ma kuma mun sauya: a 1864 Fafaroma Pius na Tara ya lissafa 'yancin addini cikin kurakuran zamani, amma a 1965 babban taron Cocin Katolika ya tabbatar da wannan 'yancin, ya kuma ce yana duban Musulmi da girmamawa.

Amma Malam Haruna, Sahifar Madina ba ta ambaci Kiristoci ba. Abin da ya shafe mu shi ne yarjejeniyar da Annabi ya ƙulla da Kiristocin Najran, wadda ta kare majami'u da limamai, kuma tana ɗauke da biyan kaya duk shekara. Littattafan fiƙihu da suka biyo baya kuma suna da sharuɗɗan da ake jingina wa Umar, na hana gina sabuwar majami'a da bambanta tufafi, ko da yake na san masana suna jayayya kan ko shi ne ya gindaya su. Damuwata da kalmar amana ita ce, mai ƙarfi ne yake bayar da ita, kuma wanda ya bayar yana iya janyewa. A watan Yulin 2014 a Mosul ta Iraƙi, mayaƙan ISIS sun bi gidajen Kiristoci suna rubuta harafin nunun, alamar Nasara, a jikin bango, aka ba su zaɓi su musulunta, ko su biya jiziya, ko takobi, suka bar garin da kakanninsu suka zauna tun kafin zuwan Musulunci, aka ƙwace musu har 'yan kunne da wayoyi a shingayen hanya. Na san malamai fiye da 120 sun rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa a watan Satumban wannan shekara suna ƙaryata masu wannan aiki, kuma na yaba musu. Sai dai mutanen nan da kalmomin littafi suka zo, shi ya sa nake so in ji daga bakin malamai ko babin a rufe yake ko a buɗe.

Malam Kabiru: Malam Yakubu, mun ji kukanka kuma gaskiya ne, amma daidaiton da ake yi mana tallansa, masu shi ma ba su cika shi ba. A 2009 mutanen Suwizalan sun yi ƙuri'ar raba gardama suka haramta gina hasumiyar masallaci, a ƙasar da duk hasumiyoyinta huɗu ne. A 2004 Faransa ta hana 'yan mata sa hijabi a makarantun gwamnati. Ɗan amana aƙalla yana da kotunsa da dokar aurensa da ta gadonsa, shi kuwa Musulmin Faransa sai abin da majalisa ta yanka masa.

Malam Haruna: Malam Kabiru, ka kawo mini hujja ba tare da ka nufa ba. Da wane harshe Musulmin Suwizalan da Faransa suke kai ƙara? Suna cewa mu 'yan ƙasa ne, doka ɗaya ta haɗa mu, ba za a ware mu ba. Musulmin Indiya, waɗanda yawansu ya kusa miliyan 200, garkuwarsu ke nan. Ba zai yiwu mu nemi wannan haƙƙi a inda muke 'yan kaɗan, mu hana shi a inda muke da rinjaye ba, kuma idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, naka kake shafa wa ruwa. Indonesiya, wadda take sahun gaba a duniya wajen yawan Musulmi, ta fuskanci wannan tun ranar 18 ga Agustan 1945, lokacin da shugabanninta suka cire kalmomi bakwai na wajabta shari'a ga Musulmi daga gabatarwar tsarin mulki domin kada yankunan gabas masu Kiristoci su ɓalle. A 2019 kuma malaman ƙungiyar Nahdlatul Ulama suka ba da shawarar cewa a sha'anin ƙasa a riƙa kiran wanda ba Musulmi ba ɗan ƙasa, a bar kalmar kafiri ga fagen aƙida. Waɗannan malaman zaure ne, masu karatun Shafi'iyya, ba jakadan Ingila a kansu.

Malam Nasiru: Bari in fayyace matsayina, domin kada a ɗauka ina goyon bayan abin da aka yi a Mosul. Wannan ta'addanci ne da cin amana, kuma aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta halatta mana kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙe mu ba. Ƙasƙancin da aka ambata a ayar jiziya ma, Imam Shafi'i ya fassara shi da gudanar hukuncin Musulunci a kansu, bai ce a wulaƙanta kowa ba. Na kuma yarda da Malama Safiya a wuri ɗaya: idan Musulmi da Kiristoci suka kafa ƙasa tare bisa tsarin mulkin da suka amince da shi, wannan alkawari ne, kuma farkon Suratul Ma'ida ya umarce mu da cika alkawura. Babu mai ikon ya tashi da safe ya ce zai karɓi jiziya daga maƙwabcinsa. Abin da ba zan furta ba shi ne cewa an shafe hukuncin, domin shafewa ta ƙare da ƙarewar wahayi. Umar ya daina ba waɗanda ake lallashin zukatansu rabonsu na zakka saboda dalilin bayarwar ya kau, amma ayar tana nan ana karanta ta. Haka nake kallon jiziya: hukunci ne da ba shi da mahalli a yau. Sannan akwai abin da kuka tsallake, wato shugabanci. Idan haƙƙi ɗaya ne, to Kirista yana iya shugabantar ƙasar da mafi yawanta Musulmi ne, kuma ban san malamin farko da ya halatta wannan ba.

Malama Safiya: Na farko ba su halatta ba, gaskiya ne, domin imamancin da suke magana a kai ya haɗa limanci da alƙalanci da tsaron addini. Duk da haka Mawardi, babban malamin fiƙihu, ya yarda ɗan amana ya zama wazirin zartarwa, ya hana shi waziranci mai cin gashin kansa, wato ya duba irin ikon da ke cikin kujerar. Shugaban da majalisa take yi wa doka, kotu take taka wa birki, wa'adinsa yake ƙarewa, ya fi kama da wanne cikin biyun? Senigal ta yi shekara 20, daga 1960 zuwa 1980, a ƙarƙashin Senghor, ɗan Katolika, da goyon bayan manyan shehunan ɗariƙu, kuma Faris Khuri, Kirista, ya zama firaministan Siriya a 1944. Ba na cewa raba kujeru bisa addini magani ne, domin Labanan ta ba Kirista shugaban ƙasa, Sunni firaminista, Shi'a kakakin majalisa tun 1943, hakan bai hana ta yaƙin basasa daga 1975 zuwa 1990 ba.

Malam Yakubu: Malam Nasiru, na gode da ka fito fili, kuma na fi son wannan gaskiyar da daɗin bakin taro. Amma ka ce hukuncin ba shi da mahalli a yau. Abin da aka jingine ana iya ɗaukowa. Idan gobe wata majalisa mai rinjayen Musulmi ta ce mahallin ya dawo, me zan gaya wa 'ya'yana?

Malam Nasiru: Ka gaya musu cewa alkawarin da aka ƙulla da ku ba ya warwaruwa da ƙuri'ar ɓangare ɗaya, kuma duk wanda ya warware shi haka mayaudari ne a shari'armu, ni ne kuma farkon wanda zai faɗa masa. Wannan zan iya sa hannu a kansa. Amma in ce maka aya ta daina aiki har abada, wannan ba a hannuna yake ba, kuma ba a hannun malaman Marakish yake ba.

Malam Haruna: To Malam, sai ka kawo mana abin da malaman Malikiyya suka ce game da wanda yake da ikon warware aƙadin amana, da sharuɗɗan da suka gindaya, mu karanta tare da Malam Yakubu, tun da shi ne mai tambayar.