Masu karanta littattafan yaƙi da na aljanu, ku zo mu tona wa juna asiri

Malamin Lissafi: Assalamu alaikum jama'a. Jiya a ɗakin malamai wani abokin aikina ya leƙo wayata, ya tarar ina tsakiyar labarin wani sadauki da ya shiga birnin aljanu neman takobin kakansa. Sai ya ce, "Haba Malam, da girmanka? Me za ka ƙaru da shi?" Na yi dariya kawai. Ni fa ba don in ƙaru nake karantawa ba. In na gama duba takardun yara sittin kaina ya ɗau zafi, bokan da ke rikiɗa ya zama mikiya shi ke wanke min ƙwaƙwalwa. Shafi goma bayan Isha'i, sai barci. Ku fa, yaushe kuke karantawa, kuma wa kuke ɓoye wa?

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam Malam. Ni ɓoyon ma tun ina 'yar sakandare na fara shi. Akwai mai shagon hayar littattafai a bakin layinmu, naira goma kwana ɗaya, in ka ƙara kwana ka ƙara kuɗi. Ƙawayena duk na soyayya suke ɗauka, ni kuwa sai mai hoton dodo da mashi a bango. Matsalar ita ce littafi ɗaya sai a raba shi kashi uku ko huɗu, ka gama na ɗaya daidai inda gimbiya ta faɗa rijiyar maciji, ka koma shago a ce wani ya tafi da na biyu tun shekaranjiya. Wallahi na taɓa yin kwana biyar ina zarya. A cikin littafin Bayoloji nake cusa shi, har ranar da Inna ta lura cewa karatun jarrabawa ba ya sa mutum ƙyalƙyala dariya shi kaɗai. Yanzu a WhatsApp nake bi, marubuciya ta saki shafi, mu yi ta roƙon ci gaba. Zaryar dai ba ta ƙare ba, ta koma cikin waya ne. Na ƙona miya sau biyu, kada ku gaya wa maigida.

Ɗan Damagaram: Mu nan lakwal, wato makarantar boko, da Faransanci muka yi, karatun Hausar boko a hankali nake yinsa. Don haka saurare na fi yi. Ina da shagon ɗinki, sai in kunna masu karanta littafi a YouTube in ci gaba da taka keke. Ranar da kuran, wato wutar lantarki, ya tafi waya ta mutu ana tsakiyar yaƙi, yaran shagon sun fi ni jin haushi.

Kawu Mai Ritaya: Malam, ka gaya wa abokin aikin naka abin nan ba yau aka fara ba. Gasar rubutun da aka shirya a Zariya a 1933 ita ta haifar da ƙagaggun littattafan Hausa na farko na boko, kuma cikinsu har da masu aljanu da tafiye-tafiyen da hankali ba zai ɗauka ba. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam da aka sa mu karanta a firamare, aku ne fa ke ba da labari dare bayan dare. Ba wanda ya ce mana shirme ne, har jarrabawa aka yi mana a kai. Kafin boko ma kakata ce ke tara mu a tsakar gida da farin wata, ta ce ga ta nan ga ta nanku, mu ce ta zo mu ji ta, a shiga rikicin Gizo da Ƙoƙi. Abin da ke damuna da na yanzu ɗaya ne: jarumi ba ya gajiya, ba ya jin yunwa, ya sare dakaru dubu da sara guda ko gumi babu. Gizo kuwa ciki ne ke kai shi ya baro. Shi ya sa har yau na fi tuna shi.

Maman 'Yan Biyu: Kawu, ai saran dubun nan shi ne daɗin! In ina son mai jin yunwa sai in leƙa kicin ɗina.

'Yar Jami'a: Ni na Turanci nake haɗawa da na Hausa, a manhajar karanta littattafai ta Wattpad. Amma na bar masu kauri, waɗanda sai ka haddace sunan masarauta bakwai da taswira kafin labari ya motsa. Karatun aji ya ishe ni haddace-haddace. Ba ni mai sauƙi, yarinya ta tsinci zobe, aljani ya fito yana mita an tashe shi daga barci, mu yi dariya. In littafi bai kama ni ba a babi uku, na ajiye shi, ba na jin na ci bashin kowa. Lokacin jarrabawa kuma goge manhajar nake yi gaba ɗaya, don na san halina.

Direban Tirela: Nawa karatun a layin lodi ne. Wani lokaci mu kwana uku muna jiran kaya. Ƙaramin littafi ɗaya ya zaga direba biyar, ya dawo hannuna da tabon baƙin mai, shafin ƙarshe ya yage. Har yau ban san ko sarkin bokayen nan ya mutu ba.

Malamin Lissafi: Direba, faɗo mana yadda labarin ya faro, wataƙila wani ya san ƙarshensa. Kawu, gobe da hujjarka zan shiga ɗakin malamai. Maman 'Yan Biyu, a duba tukunya.