Neman shawara: Ya halatta kare ya riƙa kwana a waje dare da rana?

Mai tambaya, Agege, Legas:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Gidan kanmu ne, da katanga da ɗan fili ta baya. An ba ni kwikwiyo ɗan wata biyu, ruwa biyu ne, uwar Alseshan (irin karen Turai), uban karen gida, ina so ya taso ya yi mana gadi. Uwargida ta ce ba zai taka mata falo ba, ni ma ra'ayina ke nan. Sai dai maƙwabcina ya ce barin kare a waje kullum zalunci ne. Haka abin yake? In babu laifi, me zan tanadar masa kafin damina ta kankama?

Malamin Islamiyya, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Alhaji, ta fuskar addini waje ne ma mazauninsa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya ajiye kare ba na farauta ko kiwo ko gona ba, kullum ana rage masa ƙiraɗi, wato wani kaso, daga ladarsa, a wata ruwayar ƙiraɗi biyu. Ba a ambaci gadin gida da suna ba, shi ya sa aka yi saɓani, amma malamai da yawa sun yi ƙiyasinsa a kan gadin gona da garke idan buƙatar ta gaskiya ce. A Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, duk da haka ka ware masa kwanonsa, ka nisanta shi da wurin alwala.

Amma maganar maƙwabcinka kada ka yar da ita. Ka tuna matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Abin da ka killace, cinsa da shansa da inuwarsa suna wuyanka.

Likitan dabbobi, Ikeja:
Allah ya gafarta Malam, daga inda ka tsaya zan ɗora. Babban kare zai rayu lafiya a waje a Legas. Ɗan wata biyu kuwa kada a sake shi yana yawo a fili tukuna. Cutar fabo, mai sa amai da zawon jini, tana yin watanni a cikin ƙasa, kuma kwikwiyo take kashewa. Ana fara allurar rigakafi mai haɗe da cututtuka biyar, har da ita fabo, yana sati 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan sati 3 ko 4 har ya kai sati 16. Ta haukan kare a wata 3, sannan duk shekara, kuma ka adana katin. Maganin tsutsar ciki duk sati biyu har ya cika wata 3, duk wata har wata 6, daga nan duk wata uku. Kafin allurai su kammala, a ajiye shi a baranda ko wani ɗaki mai siminti da za a iya wankewa da bilic.

Zafi ya fi ruwan sama haɗari. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake rage zafin jiki, kuma a iska mai laima irin tamu hakin ba ya cika aiki. Fabrairu da Maris ne lokacin da za ka fi sa ido. In ka ga haki ba ƙaƙƙautawa, miyau yana dalala, yana tangaɗi, kai shi inuwa, ka kwara masa ruwan famfo, ba na ƙanƙara ba, ka nufi asibiti. Kare mai kilo 25 yana shan kusan lita ɗaya da rabi a yini, da zafi ya fi haka, don haka a ajiye masa lita huɗu a mazubi mai nauyi da ba zai kifar ba, a canza safe da yamma. Ruwan da ya kwana a buɗe ɓera na iya yin fitsari a ciki, kuma fitsarin ɓera yana ɗauke da cutar da ke lalata ƙoda da hanta, har mutum tana kamawa. Saboda wannan dalili kada ya sha ruwan kwata ko na ambaliya.

Sa'arka ɗaya, jinin karen gida da ke jikinsa zai taimake shi jure zafi. Masu sayen manyan karnukan Kokeshiya masu gashi kamar bargo su ne ke shan wahala a nan.

Magini, Mile 12:
Alhaji, ɗakin da za ka gina masa shi ne maganar. Ƙafa 6 faɗi, ƙafa 10 tsawo, tsayi ƙafa 6 don ka iya shiga ka share. A ɗaga daɓen inci 8 zuwa 12 sama da ƙasan tsakar gida, a karkatar da shi kaɗan zuwa magudana, in ba haka ba ruwan Yuni da Yuli zai kwanta a ciki. Bulo ya tsaya a ƙafa 3, sama a sa ƙarfe ko waya mai ƙarfi ta ɓangare biyu don iska ta ratsa. Kwano tsirara da rana tanda ne, a buga silin na katako a ƙasansa, rufin kuma ya zarce bango da ƙafa 2 saboda feshi. A yi filasta mai santsi, a toshe duk wata tsaga, domin a tsagar bango kaska ke ƙyanƙyasa. A ciki a sa masa dandamalin katako ya kwanta, siminti zalla yana cinye gwiwa.

Abu ɗaya da nake roƙo: kada a gina shi kusa da janareto. Hayaƙin da ke kashe mutum a ɗaki shi ma yana kashe shi.

Mai horar da karnuka, Obalende:
Wasu za su ce ka ɗaure shi da sarƙa duk yini don ya yi zafi. Kada ka yarda, ɗan'uwa. Karen sarƙa ba ya bambance ɓarawo da ɗan maƙwabta, kuma sarƙar kan nannaɗe ko ya tsallaka wani abu ta shaƙe shi. In allurai sun kammala, ɗaki da rana, a sake shi cikin katanga bayan an kulle ƙofa da dare. Maɗaurin wuya ya zama yatsu biyu na shiga, a duba duk sati tunda girma yake yi.

Kuma zama a waje ba ya nufin a manta da shi. Aƙalla rabin sa'a safe da yamma wani ya fito da shi, ya kira sunansa, ya koya masa zauna da zo. Tun yanzu ya san kowa na gidan, har mai kawo ruwa da mai kwashe shara. Haushin da ke hana unguwa barci yawanci na kaɗaici ne. Yara kuma kada a bar su da shi babu babba, musamman yana cin abinci.

Hajiya mai abinci, Agege:
A ba shi abinci sau uku zuwa huɗu a yini yanzu, in ya wuce wata 6 sau biyu. Shinkafa ko tuwo da kifi, ƙwai ko nama dafaffe. Banda ragowar miya mai albasa da tafarnuwa, suna lalata masa jini. Banda ƙashin kaza dafaffe, tsagewa yake yi ya huda hanji. Cakulan da goro ma guba ne gare shi. A ɗauke kwano bayan minti 20 don kada ya tara ƙuda da ɓera.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Likita, an ce in ya yi kaska in ɗiga masa Sniper, maganin ƙwarin nan, a ruwan wanka, ko in shafa masa baƙin mai.

Likitan dabbobi:
A'a Alhaji, don Allah. Sniper ta fata yake shiga, ya sa kakkarwa da dalalar miyau har mutuwa. Baƙin mai kuma lashewa zai yi. Akwai ƙwayar maganin kaska da ake taunawa da maganin ɗigawa a ƙeya, ana ba da su gwargwadon kilo da shekaru, sai an auna shi. A yi wa ɗakin feshi shi ma, karen yana waje, a bari ya bushe. Kullum ka duba cikin kunne da tsakanin yatsu, ka ɗaga leɓe ka ga dasashi. In ya yi fari, ko fitsari ya koma kalar shayi, ko ya ƙi abinci, zazzaɓin kaska ne ake zargi, a kawo shi ranar. Kada a ba shi farasitamol ko ibufurofen na mutane. A kwashe kashinsa kullum, domin ƙudan da ke sa tsutsa a fata a ƙasar da ta jiƙe da fitsari da kashi yake yin ƙwai.

In ya ciji wani ko ya yakushe shi har jini, a wanke wurin da sabulu a ƙarƙashin ruwa mai gudu minti 15, a tafi asibiti nan take da katin allurarsa, shi kuma a killace shi ana lura da shi kwana 10.