Wane kapo ya fi dacewa da jita?

Ɗan Gulbi: Assalamu alaikum. Kapon da na saya a kasuwar Maradi, wato abin da ake maƙalawa a wuyan jita don ɗaga sautinta, yana danne tsirkiya fiye da kima, har sauti ya karkace. Ina son mai inganci ko da tsada. Wanne zan nema?

Baba Makaɗi: Wa alaikumus salam, ƙanena. Laifin sifirin ne, wato ƙarfen da ke matse kapon. Nemi na kamfanin Shubb, domin yana da ɗan noti da ake murzawa a daidaita matsi gwargwadon kaurin wuyan jitar.

Mai Jita: Kapon Kyser ya fi saurin matsarwa da hannu ɗaya, amma shi ma da sifirin yake aiki. Ni G7th na Ingila nake riƙe da shi, ko da yake kuɗinsa ya girgiza ni. Kafin ka biya, malam, duba allon yatsun jitarka: na jita mai tsirkiyar ƙarfe lanƙwasasshe ne, na mai tsirkiyar nailan kuwa miƙaƙƙe ne, shi ya sa kapo miƙaƙƙe take so.