Na gama Parasite, wane fim ɗin Bong Joon-ho zan kama kuma?

Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Daren jiya na kalli Parasite, kuma har yanzu wurin da mai gidan ya toshe hancinsa bai bar raina ba. An ce daraktan, Bong Joon-ho, yana da wasu finafinan. Don Allah wanne zan bi da shi? Datata ba ta da yawa, a zaɓa mini wanda ba zan yi da-na-sani ba.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Ummi, ki nemi Memories of Murder, na 2003. Shi ne fim ɗinsa na biyu, kuma a wurina har gobe bai yi wanda ya fi shi ba. Labarin gaske ya ɗauko. Tsakanin 1986 da 1991 an yi ta kashe mata a yankin Hwaseong da ke lardin Gyeonggi, ana tsintar gawarwakinsu a gonakin shinkafa da cikin kwalbati, aka rasa mai yi. Song Kang-ho, wanda kika gani a matsayin baban gidan talakawa a Parasite, shi ne ɗan sandan ƙauyen. Yana cika bakin cewa da ya kalli idon mutum zai gane mai laifi, amma abin da suka iya shi da abokin aikinsa bai wuce su kamo marar gata su jibge shi har ya amsa ba.

Abin da ya kama ni shi ne yadda Bong bai ɗora laifin a kan 'yan sandan nan su kaɗai ba. Zamanin mulkin soja ne. Akwai daren da suka tabbatar za a sake kisa, suka roƙi a turo musu ƙarin jami'ai, aka ce babu, duk an kwashe su zuwa Suwon su tarwatsa masu zanga-zanga. Washegari aka tsinci gawa.

Abba: Malam, ka faɗa mata abin da ya faru a 2019 mana.

Malam Sani: To Abba. Lokacin da fim ɗin ya fito ba a san makashin ba. Sai a 2019, shekarar Parasite, gwajin ƙwayoyin halitta ya tona shi. Sunansa Lee Choon-jae, kuma ashe yana kurkuku tun 1994 saboda kashe ƙanwar matarsa. Ya amsa. Abin da ya fi ciwo, akwai bawan Allah da ya yi shekara 20 a gidan yari kan ɗaya daga cikin kisan, sai a 2020 kotu ta wanke shi. Ummi, ki riƙe wannan a zuciya idan kika kai daƙiƙun ƙarshe na fim ɗin. Ba zan ce komai ba, ki dai lura da inda Song Kang-ho yake kallo.

Hajiya Bilki: Malam Sani ya yi gaskiya, amma ni da za a bi ta tawa, Mother za ki fara, na 2009. Wata dattijuwa ce mai sayar da saiwoyin magani, tana kuma yi wa mutane alluran gargajiya a ɓoye ba lasisi. Ɗanta ɗaya tilo, saurayi ne amma hankalinsa na yara, sai aka ɗora masa kisan wata 'yar makaranta. Kim Hye-ja ce ta fito a uwar, matar da 'yan Koriya suka shafe shekaru suna kallo a talabijin a matsayin uwa mai haƙuri. Da gangan Bong ya ɗauko ta, don ya nuna inda son ɗa yake iya kai mace.

Tun farkon fim ɗin akwai wani wuri. Tana zaune cikin shago mai duhu tana datsa ganye da wata ƙatuwar wuƙa, amma idonta na waje, yana kan ɗan da ke wasa da kare a tsallaken titi. Wuƙar na ta matsowa kusa da yatsunta, ita ba ta ma sani ba. Wallahi sai da na janye hannuna. Duk wadda ta taɓa girki kunnenta na wajen yaro ta san wannan zaman.

Ummi: Hajiya, kin sa jikina ya yi sanyi tun ban gani ba.

Hajiya Bilki: Ki dai kalle shi ke kaɗai, 'yata. Ba na zaman falo da yara ba ne, akwai wuraren da sai kin tura gaba. Kuma kada ki yarda kowa ya ba ki labarin ƙarshensa.

Abba: Ni dai The Host zan ce, Anti Ummi, na 2006. Dodo ne ya fito daga kogin Han a tsakiyar Seoul ya sure wata yarinya, danginta masu ɗan shagon kayan ƙwalama a bakin kogi suka bazama nemanta, hukuma kuwa su take farauta. Yawancin masu fim ɗin dodo ɓoye shi suke yi sai can ƙarshe. Bong da rana tsaka ya sako shi cikin jama'a, tun ba a yi nisa ba. Shi ma tushensa gaskiya ne: a shekarar 2000 an tuttular da sinadarin adana gawa a magudanar ruwan sansanin sojan Amurka da ke Seoul, ya gangara kogin. An sayar da tikiti sama da miliyan 13 a Koriya ta Kudu kawai.

Nura: Babu mai maganar waɗanda ya yi da Turanci? Snowpiercer na 2013 fa? Jirgin ƙasa ɗauke da ragowar 'yan Adam, masu kuɗi a gaba, talakawa a cushe a tarago na baya.

Malam Sani: Yana da kyau, Nura, kuma na jinjina masa da ya ƙi yarda kamfanin da ya sayi haƙƙin nuna shi a Amurka ya yanke masa kusan minti 20. Amma a ganina, duk lokacin da ya bar Koriya saƙon yakan fito fili da yawa. A Snowpiercer da baki ake gaya maka akwai na gaba akwai na baya. A Parasite kuwa matakala da ruwan sama ne suke maganar. Ruwan da matar mai kuɗi ta ce ya wanke sararin sama, shi ne ya cika ɗakin su Kim, iyalin talakawan, da ruwan masai. Irin ɗakunan nan da rabinsu ke cikin ƙasa, banjiha suke ce musu, kuma akwai su da gaske. A ambaliyar Agustan 2022 mutum uku 'yan gida ɗaya sun rasu a cikin irinsa a Seoul.

Nura: Ban yarda duka ba, Malam. Okja na 2017, wanda Netflix ya ɗauki nauyi, farkonsa a tsaunukan Koriya ne, kuma kallon yarinyar fim ɗin da ƙatuwar dabbarta da ake son yankawa ya hana ni cin nama kwana biyu. Mickey 17 na 2025 ne dai na yarda bai kai sauran ba.

Hajiya Bilki: Ku tuna fa Bong ilimin zamantakewa ya karanta a Jami'ar Yonsei kafin ya shiga makarantar fim, kuma yana ɗalibi ya taɓa koyar da ɗan wasu masu kuɗi a gidansu. Daga nan ƙwayar Parasite ta fito. Fim ɗinsa na farko a 2000, Barking Dogs Never Bite, faɗuwa ya yi a kasuwa. Daga baya gwamnatin ƙasarsa ta sa sunansa a jerin masu fasahar da ba ta so a tallafa wa. Shi ne kuma ya kawo wa Koriya babbar kyautar bikin finafinai na Cannes, a Faransa, karo na farko a 2019, sannan a Fabrairun 2020 Parasite ya kwashe Oscar huɗu, har da na gwarzon fim, abin da fim ɗin da ba na Turanci ba bai taɓa yi ba.

Ummi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. In nemi mai fassarar Hausa ne, ko in daure da karanta rubutun ƙasa?

Malam Sani: Ki daure da rubutun. Rabin aikin Song Kang-ho a muryarsa yake, in aka ɗora wata a kai an cuce ki.

Ummi: To shi ke nan. Memories of Murder yau bayan isha'i, Mother ranar Asabar in yara sun tafi Islamiyya. Abba, ka yi haƙuri, dodonka sai ƙarshen wata in an yi albashi.