Wane injin tanin katako ya dace da ɗan koyo?

Ɗan_Kafinta:
Assalamu alaikum iyayen gida. Dan Allah shawara nake nema. Kafinta ne ni a Kano, duk sanda aka ba ni tebur ko gado sai na kai ƙafafun wajen masu tanin, wato masu injin da ke juya katako ana sassaƙa shi, aiki ya kwanta a hannunsu, ga kuɗin yana cinye riba. Shi ne nake so in sayi nawa injin in koya, in hannu ya faɗa har akushi da ɗan turmin daka yaji nake sha'awar yi. Na ga wani ƙarami sabo mai ɗaukar katako mai tsawon inci 18, akwai tokunbo da aka ce daga Amurka ya zo, sannan masu walda sun ce za su haɗa min. Wanne zan kama?

TsohonHannu:
Wa'alaikumus salam. Yaro tunda ka ce ƙafar tebur to cire ƙaramin nan daga lissafi. Ƙafar tebur inci 29 ce zuwa 30, ina za ka sa ta a inci 18? Nemi mai ɗaukar inci 36 ko fiye, faɗin itacen da zai iya juyawa kuma inci 12 saboda akushin da kake magana. Sannan ka duba nauyi, jikinsa ya zama ƙarfen zubi, don in ka ɗaura gungumen kirya wanda bai daidaita ba a kan inji mara nauyi wallahi rawa zai yi ta yi har ya bar inda ka ajiye shi.

Abin da 'yan koyo ba sa tambaya shi ne ƙaramin gudu. Kowa sai ya ce nawa ne ƙarshen gudunsa, alhali na ƙasan ne ke da amfani, ya sauka zuwa juyi 500 a minti ko ƙasa da haka. Lissafin da muke yi, ka ninka faɗin itacen a inci da gudun, kada ya wuce 6,000 zuwa 9,000, wato akushi mai inci 10 tsakanin 600 da 900 kenan, kuma farkon sassaƙa ma ƙasa da haka za ka fara.

MaiWayarin:
Ni dai ta wajen wuta zan yi magana. Wancan na Amurka ka karanta farantin da ke jikin moton kafin ka biya ko sisi, yawancin nasu wutar volt 110 ne zuwa 120, tamu kuwa 230, sai ka nemo taransifoma. In kuma an rubuta layi uku to ka bar musu kayansu sai dai in shagonka na da shi. Moto mai ƙarfin doki ɗaya ya ishe ka, wajen wat 750 ne, amma lokacin tashi yana jan ninki uku ko fiye, ƙaramin janaretan aski ba zai tada shi ba.

Na_Panteka:
Kada a raina haɗin gida fa, da shi muke cin abinci a Kaduna, in boris ya mutu ko bel ya tsinke nan take ka samo. Gwaji ɗaya za ka yi, ka turo tsinin wutsiya ya haɗu da tsinin kai, wato tsinaye biyun da ke riƙe itacen ta gefe da gefe, in ba su yi baki da baki ba kar ka karɓa. Kuma a sa maka fuli mai hawa huɗu don canza gudu.

TsohonHannu:
Haka ne malam, amma shi akushi yake so, masu walda kuma zaren ɗauri na bakin ƙarfen da ke juya itacen, yadda suka ga dama suke yanka shi, sai ka je sayen cok mai kama itace ya ƙi shiga. Ya ce a yi masa inci 1 mai zare 8 ko M33. Kai kuma yaro kada ka juye kuɗinka kaf a inji, ka bar na kurfi masu kyau, da injin wasa su, da gilashin rufe fuska gaba ɗaya. Riga mai dogon hannu da agogo a cire kafin a kunna.

Ɗan_Kafinta:
Allah ya saka da alheri Baba. To da wane itace zan fara gwaji? Ina da guntayen maɗaci.

TsohonHannu:
Ajiye maɗacin tukuna. Je Na'ibawa ka kwaso guntayen malaina masu araha, ka yi ta fitar da ƙafar kujera har biyu su zo iri ɗaya. In ɗanye ne kuma kar ka shanya a iskar hunturu, tsagewa zai yi.