Lambar Yabo da Buhun Masara: Musayar Waƙa Kan Karrama Malamai a Bauchi

Ɗan Wunti:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ranar 5 ga Oktoba, Ranar Malamai ta Duniya, tsofaffin ɗaliban unguwarmu da wasu 'yan kasuwa suka yi karo-karo, suka karrama malamai uku na makarantun gwamnati. Kowa ya sami lambar yabo, da turmin atamfa ko shadda, da 'yar ambulan. Wadda ta zo ta ɗaya malamata ce ta aji ɗaya. Ga nawa baitocin, mai amsa ya amsa da waƙa.

Bismillahi na ɗau alƙalamina,
Salati ga Manzo, hasken idona,
Yau Bauchi ta rage mini bashina,
Ta kira malamata wurin karramawa.

Aji ɗaya ta riƙe tun ina yaro,
Muna zaune ƙasa, alli ma na aro,
Ta kama hannuna, ba duka, ba horo,
Har ba-be-bi-bo-bu ta zam karantawa.

Da aka kira sunanta sai ta tsaya,
Ta gyara mayafi cike da kunya,
Ta riƙe lambar kamar ƙwai a ƙwarya,
Mu ko a baya muna ta tafawa.

Ga likita nan, ga direba nan,
Ga tela, ga soja, ga mai shayi nan,
Duk ta share mana majina a ɗakin nan,
Yau ga mu da gemu muna rusunawa.

Mai Shago a Muda Lawal:

Allah Ya sanya alheri, Ɗan Wunti. Amma bari in buɗe maka littafin bashina.

Ɗan Wunti, na ji kiɗanka sarai,
Ban ce yabon bai dace ba.

Amma lambar katako da gilashi,
Ba a taɓa dafa ta da miya ba.

Littafin bashi na nan a shagona,
Shafin malamai bai taɓa rufuwa ba.

Mudun masara, man gyaɗa, sabulu,
"Sai ƙarshen wata", ni ban hana ba.

Tun cire tallafin mai a 2023,
Albashi bai kai ashirin ga wata ba.

An ce mafi ƙanƙanta dubu 70 ne,
Buhun shinkafa bai ji tsoro ba.

Dokar 2022 ta ce malami sai ɗan shekara 65 zai bar aiki,
Ba ta ce ga abin kaiwa baki ba.

Ka ba shi lamba yau a taro,
Gobe ya shiga aji bai karya ba.

Tsohon Hedimasta:

'Ya'yana, ku dakata tsoho ya sa baki. Garin nan malamin makaranta ne ya fitar da sunansa duniya. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama Kwalejin Katsina a 1933, ya dawo ya koyar a Makarantar Midil ta Bauchi har ya shugabance ta, sai a 1957 ya zama Firayim Minista. Malam Aminu Kano ma a midil ɗin nan ya fara koyarwa, kuma a nan suka riƙa zaman mahawara da Malam Sa'adu Zungur a farkon shekarun 1940. Ku yi haƙuri da karin waƙata, ta tsufa kamar mai ita.

Ku duba naira biyar in kun samu,
Fuskar da ke kai malamin garinmu,
Da alli ya fara, a midil ɗinmu,
Kafin Legas ta kira shi shugabanci.

A da in malam ya biyo ta hanya,
Mai gyaɗa kan ɗebo, mai nono ta miƙo ƙwarya,
Uba kan ba shi 'ya ba dogon tambaya,
Don alli a lokacin shi ne mutunci.

Mai Shago, maganarka gaskiya ce,
Yunwar ciki ba ta jin tafi, haka take tun can ce,
Amma akwai wata yunwar, ta zuci ce,
Ka shekara talatin ba sannu, sai butulci.

Ran da na aje aiki ba wanda ya tafa,
Takarda aka ban, na fito a ƙafa,
Da an ba ni ko hula ce in kafa,
Da ta rage mini ɗacin talauci.

Malamin Ƙauye:

Baba, Allah Ya ƙara lafiya. Ni daga wani ƙauye nake a Ganjuwa. Ba ambulan ɗin ce ta tsaya mini a rai ba, mudun da aka yi awo da shi ne.

Baba, na rusuna, ina da tambaya,
Masu zaɓen nan wace hanya suka biya?
Duka ukun na bakin kwalta ne, ba ƙarya,
Wa ya zo inda rafi ke yanke mu da damina?

Ni kaɗai ne malami, ni ne hedimasta,
Ni ke buga wilin mota, ni ke kiran rajista,
Aji shida nake zagawa, ba hutu, ba rata,
'Yan aji uku na gindin tsamiya cikin rana.

Kafin in koyar sai na bi gida-gida,
Wannan ya tafi kiwo, waccan tallan gyaɗa,
In roƙi uba, in lallashi uwargida,
"Malam, bari a gama roron wake a gona."

Takalmi a hannu, wando a naɗe,
Rajista da alli a leda a haɗe,
Haka nake tsallake rafin nan, na daɗe,
Wane fom ne ke da layin wannan magana?

Sun ce a kawo sakamakon jarrabawa,
A cike fom a intanet, da hoto a turawa,
Mu ko sabis sai kan tudu ake samowa,
Kafin in hau tudu an rufe, an kira suna.

Ba hassada nake ba, Malama ta cancanta,
Na san irin wuyar aji ɗaya da nauyinta,
Amma in za a auna, a auna da tafiyarta,
Mai noma kan dutse dabam da mai fadama a gona.

Uwar Ɗalibai daga Azare:

Malam, sannu da fama, Allah Ya biya ka. Sai dai tun ɗazu malamai ke ta kuka, mu iyaye ba wanda ya tambaye mu.

Malam, na ji kukanka har zuci,
Amma mu iyaye muna da haushi.

Akwai mai NCE ninke a jaka,
Aji bai san muryarsa ba, sai albashi.

Ya sa hannu a rajista da hantsi,
Ya hau babur, kasuwa na jiran shi.

'Yata tana aji biyar bana,
Sunanta in ta rubuta sai an gyara shi.

Da mai zuwa kullum da mai fashi,
Alat guda ke faɗo wa wancan da shi.

To lambar nan ce ta nuna da yatsa,
Ta ce wannan ne mai yi, ku san shi.

Ɗan Kwamiti:

Hajiya ta faɗi dalilin da ya sa muka fara. Malamin Ƙauye kuma ya faɗi inda muka yi tuntuɓe, ba zan yi musu ba. Mu biyar ne, man mota ma daga aljihunmu, shi ya sa muka fake da fom.

Malam, kibiyarka ta sami wuri,
Da mudun birni muka auna, cikin sauri,
Wanda ya iya fom shi ya zo da wuri,
Mai tsallake rafi yana can bakin aiki.

Baɗi ba fom, ba hoto, ba waya,
Za mu zo da kanmu, mu zauna daga baya,
Mu miƙa wa ɗan aji uku littafi ɗaya,
In ya karanta layi, a ba mai hakki.

Mai Shago a Muda Lawal:

In dai za ku je da gaske,
Ni ma ba zan tsaya kallo ba.

A ɗora lambar kan buhun masara,
Rabin kuɗinsa nawa ne, ban ce duka ba.

'Yar Malama:

Mama ba ta da babbar waya, ni na karanta mata duka bayan sallar isha'i. Ta yi dariya a wurin majina. Ta ce a gaishe da Baba Hedimasta, a kuma gaya wa Ɗan Wunti ta tuna shi sarai, shi ne mai juya "b" ta koma "d", sai da ya yi zango biyu kafin ya yarda "ɗ" tana da lanƙwasa. Ta ce ita ba ta iya waƙa ba, amma ga abin da ta faɗa, na jera shi yadda na iya.

Lambar ba ta gida ba ce, na kai ta aji,
Na rataye ta inda yara za su gani su ji,
Atamfar na ɗinka, na gode, na ji,
Amma 'yan ajina har yau a ƙasa suke zaune.

In da saura a asusun, a ba kafinta,
Benci ko biyar ne ya haɗa, a kawo makaranta,
Malamin rafi kuwa, a fara da tasa matsalar a magance ta,
Ni ina da rufi, shi a gindin tsamiya yake ne.

Ɗan Wunti:

Mama ta tona ni a gaban jama'a! Benci biyu a wuyana.

Malamin Ƙauye:

Ɗan Kwamiti, na riƙe ka da maganarka. Kada ku zo da rani, lokacin da hanya ke yi wa kowa kirki.

Ku zo a Agusta, ruwa na tsakiya,
Ku bi titin Ningi, Kafin Madaki ku tsaya,
Ku bar motar nan, acaɓa ya san hanya,
A bakin rafi zan jira ku, ku zo da silifa da tsohon wando.

Tsohon Hedimasta:

Ɗana, layinka na ƙarshe ya karya amsa-amo.

Malamin Ƙauye:

Baba, a yi haƙuri, caji ya kusa ƙarewa kuma ina kan tudu.