M1 ya fito min kamar ɗigon toka, ina mafita?

Dan_Argungu: Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu ɗaukar hoton taurari ku taimaka min. M1 nake bi, wato Crab Nebula, ragowar tauraron nan da ya fashe har mutanen Sin suka gan shi da rana tsaka a 1054. Canon gare ni da lens 200mm da tiraifod, babu na'urar bin taurari. Idan an ɗauke wuta nakan hau saman bene, in nemo Kaza da 'ya'yanta, in bi har ƙahon rukunin taurarin Taurus in yi ta ɗauka, amma da na haɗa hotunan a manhajar DeepSkyStacker sai ɗan ɗigo kawai, jan zare-zaren nan da ake gani a hotunan M1 ko alama babu, ga bayan hoton duk ya yi ruwan ƙasa.

MalamJega: Wa alaikumus salam. Ai ƙanena wannan ɗigon shi ne M1 ɗin, ka same shi, haske ne da ya yi tafiyar shekara wajen 6,500 kafin ya shigo kyamararka. Ƙanƙane ne sosai, faɗinsa kamar kashi ɗaya cikin biyar na wata, 200mm ba za ta ba ka zaren ba. Tunda ba ka da tiraka, wato na'urar bin taurari, kada ka wuce sakan 1 ko 2 don taurari za su ja layi, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ɗaruruwa ba goma ashirin ba, in ka gama ka rufe lens da murfinsa ka ɗauki dak, wato hotunan duhu zalla da ake rage tsaki-tsakin kyamara da su, a saiti ɗaya tun kyamara ba ta huce ba.

Hajara_BK: Ruwan ƙasan nan hazo ne yayana. Matsalarmu kenan, Disamba da Janairu da Taurus ke zuwa kusan tsakar ka lokacin ne ƙurar hunturu ke rufe sama. Ka sauke manhajar gyaran hoto Siril, kyauta ce, ka cire hasken baya tukuna sannan ka ja hoton, wato ka ƙara masa haske, a hankali, in ka ja da ƙarfi sai tsaki-tsaki ya cika ko'ina. Ni dai da ni ce da kayanka Veil zan jira, shi ma ragowar fashewar tauraro ne a rukunin taurarin Cygnus kuma faɗinsa ya kai faɗin wata sau shida, daidai 200mm. Oktoba bayan ruwa ya ɗauke sama ta wanku, wallahi ba a samun kamarta.

MalamJega: Gaskiyar Hajara, sai dai Veil dishi-dishi ne, yana son tiraka da filta mai barin jan hasken haidurojin da kuma hasken oksijin su wuce. Kuma a nan Kebbi Polaris, tauraruwar arewa da ake saita tiraka da ita, digiri 12 kacal take sama da ƙasa, bishiya ɗaya ma sai ta tare ta, ka nemi inda arewa ke buɗe. Amma kada ka shiga daji da dare saboda neman duhu.

Dan_Argungu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, dak ɗin guda nawa zai isa, kuma saitin ƙarfin ɗaukar haske na ISO 1600 ya yi ko in ƙara?